Haƙori na Goma Sha Biyu

Ana tsuga ruwa na sauka a Jos, da la'asar, cikin watan Agusta, ina sanye da 'yar shara irin wadda muke sawa a Maraɗi. Kafin a sauko min da jakata daga saman mota haƙorana sun fara kaɗawa, ni da na zo koyon gyaran na mutane. A garinmu, Tsibirin Gobir, ruwan sama abin murna ne, yara har rawa suke yi a cikinsa. Na Jos kuwa sai ka rantse daga firij ake zubo shi. Shekarun nan ne da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, amma layina na Nijar ya mutu tun a bakin iyaka, ba ni da wanda zan kira.

Sunana Isuhu. Na yi shekara shida ina aikin likitan haƙori a wani asibitin gwamnati a gida, kuma idan za a faɗi gaskiya aiki ɗaya na iya, cirewa. Mutum ya zo da kumburarren kunci, in yi masa allura, in sa awartaki, ya tafi da auduga a baki yana godiya. Har laƙabi aka yi min, Isuhu Awartaki, kuma ba yabo ba ne. Da ƙyar na samu aka ba ni hutun shekara guda in je in koyi yadda ake ceton haƙorin da jijiyarsa ta mutu, bisa sharaɗin in dawo da takardar shaida daga hannun wanda ya koya min. Idan babu takarda za a ɗauka yawon buɗe ido na je, kujerata kuwa akwai masu jiranta. Mata da 'ya'ya uku na bari suna ci daga wannan kujera.

A tasha wani dillalin gidaje ya tare ni. Da jin Hausata ya dafa ƙirji ya ce ai kakarsa ma Bagobira ce, jini ɗaya muke. Baƙo ko da ido makaho ne. Ya ɗauko mana acaɓa biyu har Jos Jarawa, ya nuna min wani ɗaki a gefen wani gida, ya karɓi kuɗin haya, ya danƙa min makulli, ya ce bari ya sayo min ƙwan lantarki. Har yau bai dawo da ƙwan ba. Ina tsaye cikin ruwa ina kokawa da kwaɗon da ya ƙi buɗewa, sai wani dattijo ya fito daga cikin gidan riƙe da laima, gajere, kakkaura, da hular sanyi har kunne.

"Malam, lafiya kana faɗa da ƙofan ɗakin dankalina?" ya ce.

Na yi masa bayani ina in'ina don sanyi da kunya. Bai yi dariya ba. Ya girgiza kai ya ce, "Kai ne na uku. Na farko ɗan bautan ƙasa ne, na biyu wani mata mai ciki. Shigo daga cikin ruwa tukuna."

Wannan shi ne Baba Azi. Mutumin Jarawa ne, Kirista, tsohon direba a kamfanin haƙar kuza. A lokacin garin bai daɗe da fitowa daga wata fitina ba, kowa ya san unguwar da ya kamata ya kwana, ni kaɗai ne ban sani ba. Shi ya sani sarai, amma ya sa muka kwashe buhunan dankali zuwa kicin, matarsa Mama Rifkatu ta share ɗakin ta kawo bargo biyu. Washegari da safe na tarar da sabuwar buta a bakin ƙofa. Ya nuna min wani dutse da sandarsa ya ce, "Can ne gabas. Na yi aiki da mutanenku shekara ashirin, na san abin da kuke buƙata." Da na yi maganar haya sai ya ce dankalin ma ba biya yake ba. A ɗakin nan na yi shekarata.

Asibitin da zan yi koyo a Daɗin Kowa yake, wani ƙaramin gida mai kujerar aiki biyu. Mai shi Dakta Sidikatu ce, Bayarabiya haifaffiyar Jos, wadda kowa ke kira Madam. Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Ina shiga ta dubi tsagen da ke kumatuna, ta ajiye biro.

"Yau Allah ya kawo min bawana har gida," ta ce. "Bagobiri, wa ya ba ka izinin barin gona?"

Tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa, kuma ba a fushi. Na ce mata ai zuwa na yi in ga yadda bayinmu suke riƙe amana. Ta yi dariya har da buga tebur. Tun daga ranar ba da sunana take kirana ba. Bagobiri, miƙo madubi. Bagobiri, wannan hannun naka na noman gero ne, sassauta. Ban san yadda zan faɗa ba, amma a garin da ban san kowa ba, wannan tsokana ita ta fi komai kama da gida.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. A cikin kowace saiwar haƙori akwai siririn rami inda jijiya take. Idan ta ruɓe, sai a huda haƙorin ta sama, a kwashe ta da wasu 'yan zartuna masu kaurin allura, a wanke, a busar, sannan a cike ramin da ɗanko kada a bar ko 'yar kafar da cuta za ta maƙale. Ɗankon siri-siri yake zuwa kamar tsinken sakace. Hanyar cikawa biyu ce. Akwai ta sanyi: ka zura tsinke ɗaya, ka matse shi gefe da ƙarfe, ka ƙara wani, ka matse, har wuri ya ƙare. Akwai ta zafi: ka gasa ƙarfe a wuta, ka narkar da ɗankon a cikin ramin, ka danna shi ƙasa ya bi duk inda ya samu hanya.

A yawancin matauna, wato manyan haƙoran ciki da ake tauna da su, ramukan daban-daban suke, uku a zaune kamar duwatsun murhu, kowanne zagayayye. Waɗannan ko wace hanya ka bi za ka tsira. Amma jefi-jefi, musamman a matauni na biyu na ƙasa, sai ka buɗe ka tarar ramukan sun haɗe sun zama tsaga ɗaya lanƙwasasshiya kamar jinjirin wata, mai faɗi a wani wuri, siririya kamar gashi a wani. Irin wannan shi ne ke kunyata likita. Za ka cika, hoto ya nuna maka ya yi kyau, bayan wata shida mutum ya dawo da kumburi.

"Malamaina sun rabu biyu a kan wannan," in ji Madam. "Kowa yana rantsuwa da hanyarsa. Ni ba na son rantsuwa, gani nake so. Za ka samo min cirarrun haƙora masu jinjirin wata guda goma sha biyu. Shida ka cika da sanyi, shida da zafi, ka yayyanka su mu leƙa ciki. Ranar da ka jera min su a kan teburin nan, ranar zan sa hannu a takardarka."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce Bagobiri bai san dawan garin ba.

Laraba ce ranar hutuna, ita na mayar ranar yawo. Na rarraba kwalabe a asibitoci har Bukur, ina roƙon duk haƙorin da aka cire a jefa min a ciki. Wasu suka taimaka, wasu suka yi min kallon mahaukaci. Wani mai shara ya karɓi na goro ya cika min kwalba da haƙoran tumaki daga mayanka, yana rantsuwa na mutane ne. Sai in zube tulin haƙora a faranti in yi ta tona, in tashi ba ko ɗaya. In kuma na samu, sau da yawa mai cirewar ya riga ya karya saiwar.

Wata rana Mama Rifkatu ta shiga share min ɗaki ta ci karo da kwalba a ƙarƙashin gado. Na dawo na tarar da ita a tsakar gida ta ɗora hannu a ka, maƙwabta mata biyu suna tsaye nesa da ƙofata. Ba sai an faɗa min abin da suke zato ba: baƙo, daga wata ƙasa, da haƙoran mutane a kwalba. A irin wancan lokaci ƙaramar magana tana iya zama babba kafin magariba. Baba Azi ya fito, ya ɗauki kwalbar, ya ɗaga ta a rana ya jujjuya.

"Makaniki yana ajiye tsohon fulogi," ya ce. "Tela yana ajiye ƙyalle. Likitan haƙori me kuke so ya ajiye, taya? Wannan yaro ɗana ne. Wanda yake da magana ya zo wurina."

Ba wanda ya zo. Da yamma Mama Rifkatu ta kawo min gwate, faten mutanen Jos, da zafinsa a kwanon da ta ware min tun farko, wanda ba ta zuba komai a ciki sai abin da ta san ina ci. Ta ce in yi haƙuri, tsoro ne. Na saba da gwate da acca, amma ban daina mafarkin furar gidanmu ba, da zafin rana mai shiga ƙashi. Ranar Juma'a nake zuwa wurin masu waya a ƙarƙashin laima in kira matata Hadiza minti biyu. Kullum tambayarta ɗaya, yaushe. Kullum amsata ɗaya, saura kaɗan.

Yanka haƙoran a asibiti nake yi, da wani ɗan faifai mai kaifi, sala-sala. Amma leƙa cikinsu sai da madubin ƙara girma, irin wanda Madam ba ta da shi. Ta haɗa ni da wata ƙawarta a garin Vom da ke wajen Jos, Ngo Kaneng, mai aiki a ɗakin binciken cututtukan dabbobi. Mace ce mai shiru. Takan matsar da gilasan jinin shanunta gefe ta ba ni kujera, in na gama ta miƙo min kofin madara mai sanyi, ta ce ɗan Nijar ba ya rayuwa ba nono. A ƙarƙashin madubinta na fara ganin abin da Madam take nufi. Waɗanda na cika da sanyi, tsakiya ta cika tam, amma a siraran lungunan jinjirin watan akwai baƙaƙen kafofi da tsinken bai kai ba. Na zafi ya malala ya shiga lungu, sai dai a na farko-farko hannuna ya yi nauyi, ɗankon ya ɓulle ta ƙarshen saiwa. Sannu a hankali na gane daidai inda ake tsayawa. Wannan abin da idona ya gani ne a 'yan haƙoran da ke hannuna, ba fatawa nake bayarwa ba.

Wata goma sha ɗaya suka wuce ina da haƙori goma sha ɗaya, shida na sanyi, biyar na zafi. Na yi sati shida ban samu ko ɗaya ba. Na roƙi Madam ta karɓi abin da ya samu.

"Sha ɗaya ba sha biyu ba ne, Bagobiri," ta ce. "Idan na fara yi maka ragi a nan, a bakin mutane ma ragi za ka riƙa yi."

A satin ta tafi Ibadan bikin 'yarta, ta bar min asibitin na kwana goma sha huɗu, ni da nas ɗin da ke zama wajen karɓar marasa lafiya. A satin kuma Hadiza ta faɗa min a waya cewa an turo wani sabon likita asibitinmu, wai na wucin gadi, kuma har ya sa an canza labulen ofishina.

Kwana uku da tafiyar Madam na fito da safe na tarar da Baba Azi zaune a kan benci ya ɗaure haɓa da ɗankwalin matarsa. Ashe kwana biyar yana fama, yana cusa kanumfari da garin taba, bai faɗa min ba wai kada ya dame ni. Na yi masa faɗa kamar yadda ɗa ke yi wa uba, na tsayar mana da tasi. Duk wanda muka wuce a layi sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ɗana zai duba ni."

Da ya buɗe baki a kan kujera na ga abin da ban lura da shi ba duk zamanmu. A ƙasa, ɓangaren dama babu matauni ko ɗaya. A hagu saura guda, na biyu, yana haɗuwa da na sama daidai. Da shi kaɗai mutumin nan yake tauna duk abin da yake ci. Shi ne kuma mai ciwon. Na ɗauki hoto, na wanke, na ɗaga shi a taga. Saiwoyin sun haɗe wuri ɗaya sun tsuke a ƙasa. Na san wannan alama. Na yi masa allura, na huda haƙorin, na share, na haska fitila. Jinjirin wata ne, cikakke, wanda ban taɓa ganin mai kyansa ba.

Zan faɗi abin da na sani a wannan lokaci, don kada wani ya nema min uzuri. Jijiyar ta mutu, amma bangon haƙorin lafiya lau yake. Bai tsage ba, ba ya girgiɗi, ƙashin da ke riƙe da shi bai zaizaye ba. Zama uku ya ishe ni in cece shi, kuma duk faɗin Jos, in ka cire Madam, ban san wanda ya fi ni sanin yadda ake cika irinsa ba. Don wannan haƙori na baro gida. Amma haƙorin da ke bakin mai shi ba ya yankuwa, ba ya zuwa Vom, ba ya hawa teburin Madam. Na tsaya da madubi a hannu ina jin zuciyata tana kawo min dalilai ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ne. Ko an cika wataƙila ya dawo da ciwo. Zama uku wahala ce gare shi. Za a iya yi masa na roba. Kowane dalili da kamarsa ta gaskiya, kuma na san duk ƙarya ne.

"Yaya, Likita?" ya ce, bakinsa ya yi nauyi da allura. "Zai gyaru?"

"Baba, ya mutu. Sai cirewa."

"Ba irin wannan ne kake koyo ba? Wanda ana cika shi da roba?"

"Wannan ya wuce nan, Baba."

"To. Kai ne ka gani, ni ban gani ba. Yi abin da ya kamata."

Hannuna bai yi rawa ba, wannan ma yana cikin abin da ke damuna. Ban taɓa cire haƙori da lallashi irin na ranar ba, kuma ba don shi na lallaɓa ba, don kada saiwar ta karye ne. Ya fito ɗungurungum kamar karas daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya ce in nuna masa. Na sa masa a tafin hannu a kan auduga, ya daɗe yana kallo.

"Mun daɗe tare da wannan," ya ce. Sai ya miƙo min. "In zai yi maka amfani a kwalbanka, sa shi. Ya fi a jefar."

Na karɓa na ce na gode.

Da zafi na cika shi, washegari, a hannu. Ɗankon ya bi kowane lungu ya tsaya daidai bakin saiwa, ko ɗigo bai ɓulle ba. Na yanka na kai Vom. Ngo Kaneng, wadda ba ta cika magana ba, ta leƙa madubin ta ɗago ta ce wannan ya fi sauran duka kyau, hannuna ya faɗa. Ta kawo madara na ce cikina ba daɗi. A motar dawowa abu ɗaya nake ta juyawa: yadda ya cika a hannuna, haka zai cika a bakinsa.

Madam ta dawo ranar Litinin. Na jera mata goma sha biyu a kan tebur, sanyi a hagu, zafi a dama. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana gyaɗa kai, tana cewa ashe Bagobiri yana jin magana. Da ta zo kan na ƙarshe ta tambayi inda na samo shi. Na ce a nan ne, wani dattijo. Ita kuwa ba ta barin fayil ya wuce ta. Ta sa nas ta kawo, ta zaro hoton, ta je taga ta ɗaga shi. Ta daɗe a tsaye.

"Ya tsage ne?"

"A'a."

"Yana girgiɗi?"

"A'a, Madam."

"Shi ya ce a cire?"

Ta duba sunan da ke kan fayil ɗin da unguwar, ta dube ni.

"Wannan ba shi ne mai gidan da kake zaune ba?"

Na sunkuyar da kai. Na so ta yi min ihu, ta kore ni, ta yaga takardar. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna ta jawo takardar ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta sa hannu, ta buga hatimi.

"Abin da aka rubuta a nan gaskiya ne, ka iya aikin," ta ce. "Shi ya sa na sa hannu. Da ka kira ni ka ce ga mai jinjirin wata a bakin mutum, ka cece shi a gabana, da ya fi min goma sha biyun nan. Ga takardarka, Dakta Isuhu."

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce ba ita na cuta ba. A sati biyun da suka rage ba ta sake ce min Bagobiri ba ko sau ɗaya.

Na yi ƙoƙarin gyara abin da ba ya gyaruwa. Na auna bakin Baba na sa aka yi masa haƙoran roba. Amma na roba yana son na gaske a baya da zai maƙale a jiki, na gasken kuwa ni na cire shi. Da ya fara tauna sai su tashi su yi ta yawo a baki, suka goge masa dasashi har ya yi gyambo. Ya sa su kwana huɗu don kada in ji ba daɗi, sannan na gan su a cikin gwangwanin madara a kan taga. Lokacin sabuwar masara ne, duk layin ƙamshin gashi yake. Mama Rifkatu ta koma dama masa kunu safe da yamma, gwatensa kuma tana ƙara masa ruwa. Kullum in na fito sai ya tambaye ni ko aikin ya yi kyau, ko Madam ta yaba.

Ranar Lahadin ƙarshe, bayan sun dawo daga coci, ya fito da wani ƙaton zakara da ya saya, ya miƙo min wuƙa.

"Kai za ka yanka, don ka ci," ya ce. "Ba za ka je ka ce wa mutanen Nijar mun sallame ka da ganye ba."

Da azahar muka zauna a tsakar gida, ni da shi, a kan benci. Mama Rifkatu ta zuba mana, ta sa masa cinya a matsayinsa na maigida, ta koma kicin. Ina kallonsa ya ciro 'yar wuƙarsa daga aljihu yana yanka naman ƙanana-ƙanana. Ya sa ɗaya a baki, ya tura shi hagu bisa sabo, ya dawo da shi dama, ya kawo shi gaba yana ɗan gatsa da na gaba, daga ƙarshe ya haɗiye shi haka nan ya bi da ruwa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Takardata tana cikin jaka a ɗaki, na naɗe ta a leda biyu saboda ruwa.

"Baba," na ce, "akwai maganar da zan faɗa maka."

"Faɗi."

"Haƙorin nan naka bai wuce gyara ba. Da na cike shi, da yanzu kana tauna da shi. Na iya, kuma na sani a lokacin. Irinsa nake nema, saura ɗaya in samu takardata. Shi ya sa na ce maka ya mutu."

Bai ɗago ba. Ya ajiye wuƙar a gefen kwano, ya goge yatsunsa a gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Daga kicin ana jin Mama Rifkatu tana kankare tukunya. Na ga harshensa yana taɓa wurin ta cikin kunci.

"Ranan da muka je a tasi," ya ce.

"Ranar, Baba."

"Ka riga ka gani kafin ka faɗa min."

"Na gani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin dankali.

"Da ka tambaye ni, Isuhu," ya ce, "da na ba ka."

Na jira ya ƙara wani abu. Na jira ya zage ni, ko ya ce ya yafe. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya ɗauki kwanonsa ya juye sauran cinyar a nawa, har da 'yan ƙananan da ya yayyanka.

"Ci," ya ce. "Kai kana da abin ci da shi."

Na ci, yana zaune yana kallona har na cinye.